Sawun Da Inno Ta Ɗiba

Bana ma ruwa ya ɗauke mana a tsakiyar damina. Da la'asar hadari yakan haɗo daga gabas, ya yi baƙi ƙirin har mata su fara kwashe shanya, sai iska ta taso ta kora shi wajen Konni, can tsallaken iyakar Nijar, a bar mu da ƙamshin ruwan da ya sauka a gonar wasu. Gero ya fara naɗe ganye. Ƙasar ƙofar gidanmu ta koma gari, ko kaza ce ta wuce sai ka ga inda ta taka.

Ana cikin haka ƙanwata Kulu, autarmu, ta dawo daga jami'a da labarin cewa ta nemi shiga shirin musayar ɗalibai, har an kira ta ganawa a Sakkwato. Jiya da hantsi ta fito da takalma iri biyu ta dire a gabana.

"Yaya Attahiru, wanne za ni sawa? Kai ka taɓa zuwa irin wanga abu."

Na daɗe ina kallon takalman. Ita ta ɗauka zaɓi nake yi. Ni kuwa tuni na koma wata daminar, wadda ita ba za ta tuna ba don lokacin ba ta wuce wasan ƙasa ba.

A shekarar nan azumi ya faɗo cikin damina. Ina aji uku a jami'a, ina karanta kimiyyar ƙasar noma, aka ba mu dogon hutu na dawo Illela. Mu huɗu ne a gidan: ni, da mahaifiyata Inna, da Kulu, da Inno kakata wadda ta haifi babanmu. Shi Baba, Garba mai albasa, fatauci yake yi. Yakan yi lodin albasa a manyan motoci ya tsallaka iyaka, ya bi ta Tawa har Agadas, wani lokaci har gaba da nan. Wata shekara ya tafi, Inna tana da cikin Kulu, bai dawo ba. Ba gawa, ba saƙo. Wannan ya ce ya gan shi a kasuwar Agadas, wancan ya ce an ce yana Libiya ya yi aure. Inna ta zauna, ita ba mai miji ba, ita ba wadda miji ya mutu ba. 'Yan'uwanta suka yi ta matsa mata ta je wurin alƙali a raba auren, ta ce ba inda za ta.

Inno kuwa abu ɗaya take zargin kanta da shi. Tsofaffin garinmu suna da wata ɗabi'a: idan mutum zai yi tafiya mai nisa, bayan ya fita sai a je a ɗebi ƙasar sawunsa na ƙarshe a bakin ƙofa, a ƙulle a tsumma, a cusa ƙarƙashin randa. Wai duk inda ya shiga a duniya zuciyarsa ba za ta kwanta ba sai ya dawo ya sha ruwan randar nan. Malamai suna ta faɗa cewa camfi ne, ni ma da ɗan ilimina na boko da na islamiyya haka nake cewa, da ƙarfi ma. Inno ba ta wasa da salla, amma wannan ba mai raba ta da shi. Ranar da Baba ya tafi, kafin ta fito da tsummanta garken shanun Fulani ya bi ta ƙofar gida za shi kasuwa, suka tattake wurin kaf. Shekaru tana cewa da ba don shanun nan ba da yanzu ɗanta yana gida.

To, kafin a ba mu hutu na ga sanarwa a allon sashenmu: ana neman ɗaliban da za su je wata jami'a a Maroko su yi zango ɗaya, nasu kuma su zo tamu. Ƙasa ce da su ma suka san ƙarancin ruwa, sun kuma yi nisa a dabarun noma da shi. Tun da na karanta sanarwar nan barci ya ƙaurace mini. Na faɗa wa Inna, ta ce, "Ni ban hana ka ba. Amma ka san gidanga. In Inno ba ta sake ka ba, ko jirgin ƙohwar gida yas sauka ba ka shiga."

Na sami Inno a inuwar ɗakinta tana jan carbi. Idanunta sun riga sun yi yana, inuwar mutum kawai take gani, amma kunnenta ya fi na kowa. Tsakanina da ita wasan jika da kaka ne, tana ce mini mijinta, tana ce mini mai tafiyar agwagwa.

"Inno, musaya ta kawai. Mu mu tai can, nasu su zo nan. Wata shidda, in dawo."

"Musaya? To wa za su ba ni in na ba da kai?"

"Wani ɗan Maroko, hwari tas. Kin huta da baƙin miji."

"Ya iya noma?"

"Ina zai iya? Sai dai shan shayi."

Ta yi dariya har da tari. Sai dariyar ta ɗauke kamar an hura fitila. Ta ce, "Ubanka sati biyu yac ce mani. Hanya ta ci mani guda, ba ni ba ta na biyu." Ba ta taɓa kama sunansa ba, don ɗan fari ne, kullum sai dai ubanka. Ta ci gaba da jan carbinta, na gane magana ta ƙare.

Ban fasa nema ba. Na ce a raina bari dai a ɗauke ni tukuna, in ya so a san yadda za a yi da tsohuwa.

Damina ta fara da kyau a shekarar. Ruwan shuka ya sauka mai yawa, muka shuka gero a gonarmu ta hanyar Araba, muka ratsa wake a tsakani. Aka yi noman fari lafiya. Gero ya kai gwiwa, ya yi kore shar, sai ruwa ya tsaya, azumi kuma ya kama. Wanda bai yi noma da azumi a ƙasa busasshiya ba ba zai gane ba. Mukan yi sahur da ɗumamen tuwo da 'yar fura, ana idar da sallar asuba in saɓa hauya. Kafin hantsi ya ɗaga harshe ya zama kamar guntun fata a baki. Hauya ta daina shiga, sai dai ta kankari ƙasa ƙura ta tashi ta shige maka hanci. Itace ɗaya ne a gonarmu, gawo, shi kuwa gawo da damina yake zubar da ganye, don haka ko inuwar kirki babu. Nakan kwanta a gindinsa in rufe fuska da hula ina jin bugun jinina a kunne.

A gida rumbu ya yi ƙasa sosai. Inna ta rage awo, ta koma cika tukunya da ganyen tafasa da zogale. Shan ruwa ya zama kunun tsamiya mai ruwa-ruwa da hoce ɗaya, 'yar gurasar dawa, a raba. Mutanen tsallaken iyaka suna ta shigowa da amalanke neman hatsi, don su nasu farin ya fi namu, hatsi ya yi tsadar da ba a faɗa. Aka fita roƙon ruwa filin idi, manya da yara, maza suka juya rigunansu bai-bai. Muka dawo sama tana nan fes, ko gizagizai babu. Gari ya yi wani irin shiru da rana, ba kukan tsuntsu, ba haushin kare, sai ƙarar kwanon rufi da zafi ke buɗawa.

In na dawo gona na watsa ruwa, sai in ja ƙafa zuwa wani shagon kwamfuta kusa da tasha. A nan na rubuta bayanin abin da ya sa nake son zuwa, na tura sakamakon jarrabawata da shaidar malamina. Aikin da ɗan birni zai gama a zama ɗaya, ni ya ci mini kwanaki. Ko janareto ya mutu, ko kuma waya ta bar layinmu ta kama na Nijar, ta aiko maka da gaisuwa da Faransanci kana zaune a garinku. Mai shagon yakan ɗaga kafaɗa ya ce, "Sabis ya tsallaka Konni, sai ya dawo." Da haka dai komai ya tafi, aka kuma aiko cewa in zo ganawa a Sakkwato.

Riga ina da ita, hula ma haka. Takalmi ne babu. Silifas ɗina ya sha ɗinki har ba wurin sa allura, na makaranta kuma ya buɗe baki. Ana gobe tafiya Inna ta kira ni ɗakinta, ta buɗe adaka, ta zaro wani abu naɗe a tsohon zane. Takalman Baba ne na salla, baƙaƙe, sau-ciki, waɗanda ya sayo a Konni. Ya bar su ne wai sai ya dawo. Dugadugin na hagu ya cinye ta gefen waje, don Baba yana jefa ƙafar hagu waje in yana tafiya. Na zura, suka zauna cif kamar an gwada ni. Inna ta kau da kai ta ce kada in bari Inno ta sani.

Gari na wayewa na fita. Tun daga zaure na ji wani abu: ƙafata ta hagu tana karkata waje da kanta. Na san dalili, cin da dugadugin ya yi ne yake jan ta. Na yi ƙoƙarin miƙe ta, in na yi taku kaɗan sai ta koma. A tasha akwai wani tsohon ɗan kamasho da ya san Baba, yana zaune a benci ya ba ni baya. Ina matsowa, bai ko waiwayo ba ya ce, "Garba, yaushe gari?" Sannan ya juyo ya gan ni. Bakinsa ya tsaya a buɗe. Ya yi salati a hankali, ya nuna mini motar Sakkwato da hannu.

Ganawar ba ta ba ni wahala ba. Malamai ne a jere, da wani Balarabe da ke kallonmu ta allon kwamfuta. Suka tambaye ni me zan je nema. Na ajiye duk abin da na haddace, na ba su labarin geronmu da ke mutuwa a tsaye a hanyar Araba. Na ga suna gyaɗa kai. Na fito da ƙarfin gwiwa, na kamo motar gida.

Da la'asar na iso. Tun daga nesa na hango Inno zaune a bakin zaure, ta ɗaura zanenta na salla. Na tuɓe takalman na riƙe a bayana. Inna tana tsaye daga ciki, idanunta jawur.

"Mijina, ka dawo?" in ji Inno. "Zo ka ji. Ubanka ya zo. Ya taka ƙohwar gidanga yau da sahe."

Ashe ta san inda za ni, ba abin da ke wuce kunnenta. Ta ƙudura cewa tunda na yi taurin kai, za ta ɗebi sawuna tun yanzu ta ajiye. Ina fita ta lallaɓo da tsummanta, ta durƙusa tana laluben ƙasa da hannu tunda ido ba ya gani. Sai yatsunta suka faɗa cikin sawun da ta yi shekaru tana nema.

Ban ɓoye mata ba. Na durƙusa na ce, "Inno, ni na. Takalman Baba nis sa." Na ɗora mata su a cinya. Ta shafa su, ta bi dugadugin na hagu da babban yatsa, ta kai hanci ta shinshina. Ta daɗe a haka.

"Na ji," ta ce. "Kai kas sa takalmi. Amma ba kai kat taka ba. Na san tahiyakka tun kana rarrahe. Wanga sawu nashi na, kuma na ɗebe shi. Shina ƙarƙashin randa."

Na yi bayani har na gaji. Na kawo maganar dugadugi, na kawo maganar malamai. Ta bar ni na gama, sannan ta ce wa Inna daga yau a riƙa zuba wa mai gidan nasa abincin shan ruwa a akushinsa.

Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Muna raba hoce ɗaya, ga akushi a rufe a gefe ana jiran wanda ba zai zo ba. Inna ba ta musa ba. Kullum ta zuba, kullum da safe ta ɗumama wa Kulu. Na ce mata tana biye wa ruɗin tsufa. Ta dube ni ta ce, "Kai ka ji tahiyakka ran nan da sahe? Ni na ji ta daga ɗaki." Daga nan ban sake tayar da maganar ba. Na goge takalman, ta mayar da su adaka ta kulle.

Fari ya ci gaba. Gero ya fara yin fari-fari daga ƙasa, wanda ke kan tudu ya kwanta. Wata rana zafi ya kore ni daga gona tun kafin azahar. Na shigo gida tsit, Inna ta tafi gidan maƙwabta da Kulu. Sai na ji murya. Murya ce mai kauri, mai zurfi, kamar daga cikin ƙasa take fitowa, tana kiran suna a hankali tana jan shi.

"Garba. Garba."

Na leƙa ta bayan danga. Inno ce durƙushe a gaban babbar randarmu da ke kusurwar rumfa, ta buɗe faifan, ta kifa fuskarta a bakin randar. Ruwan ya yi ƙasa, randar ce ke mayar da muryarta kamar ta namiji. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Na koma zaure da sanɗa na zauna har ta gama, na kasa shiga.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda har yau ban sami inda zan ajiye shi ba. Na karanta ƙasa, na san yadda take riƙe alama da yadda take sakinta, amma wannan ya fi ƙarfin karatuna. Bayan 'yan kwanaki na sake dawowa da tsakar rana. Inna ta yi shara da safe kamar kullum, ga zanen tsintsiya nan a ƙasa layi-layi. A kan zanen tsintsiyar kuma ga sawun takalmi. Ya taso daga bakin ƙofa, ya ratsa zaure, ya bi tsakar gida, ƙafar hagu tana jefuwa waje, har gaban randa. A nan ya tsaya. Babu na komawa. Faifan randar yana gefe, moɗa tana ƙasa, cikinta da danshi. Azumi ake yi, rana tsaka, Kulu kuma ba ta gidan.

Na tsaya ina kallo. Na shiga ɗakin Inna, adaka tana kulle. Na san inda take ajiye mabuɗi, na buɗe. Takalman suna nan naɗe a zanensu yadda muka bar su, ko ƙura babu. Na fito na fara goge sawun da tafin ƙafata, da sauri, kamar ɓarawo. Daga cikin ɗakinta Inno ta ce, "Bar shi, Attahiru. Na ji shigowa tai."

Ranar Lahadi, ranar kasuwarmu, bayan azahar aka yi sallama. Na fita na tarar da wani Buzu dogo, ramamme, ya naɗe fuska da rawani, leɓɓansa sun tsattsage. Ya tambaya ko nan ne gidan Garba mai albasa. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ya ce sunansa Agali, kuma maganar da ya zo da ita sai a gaban mahaifiyar Garba, in tana da rai. Inno ta riga ta fito, tana dafe da bango. Inna ta tsaya a bayan ƙofa.

Ya ce mota ɗaya suka shiga da Baba daga Agadas za su arewa. Direba ya bar hanya don gudun masu tare motoci, motar ta lalace a inda ba kowa. Ruwa ya ƙare. Wasu suka tafi neman rijiya ba a sake ganinsu ba. Baba yana cikin waɗanda suka zauna a inuwar motar, a nan ya cika, Agali yana riƙe da kansa. Su da suka rage wasu masu raƙuma ne suka tsince su. Ya kwance bakin rawaninsa ya ciro zoben azurfa ya ajiye a tabarma. Na ji numfashin Inna daga bayan ƙofa, na san ta gane shi.

"Na yi mai alkawali in zo," in ji Agali. "Ban zo ba. Na yi jinya, na yi yawo. Sau da yawa ina zuwa Konni, in hangi garinku, in kasa tsallakowa. Mi za ni ce ma uwa tai? Sai cikin azumin ga. Ƙishirwa ta kama ni wadda ba ta jin ruwa. In sha da magariba, in sha da sahur, tana nan. In na rufe ido da rana sai in ji ana kiran sunan mutumin ga, awa daga cikin rijiya. Nic ce in ban zo ba mutuwa za ni yi."

Can Inno ta ce, "Kun yi mai salla?"

"Mun yi taimama munka yi mai. Munka rufe shi da hannuwanmu."

"Mi yac ce daga ƙarshe?"

Agali ya sunkuyar da kai. "Bai san inda yake ba. Wata randa yaka ta hwaɗi. Wai tana kusurwar rumhwa, wai ruwanta ya hi na ko'ina sanyi. Shina ta cewa a buɗe mai faifan."

Inna ta fashe da kukan da ta yi shekaru tana riƙewa. Ni ma na yi, ban ji kunya ba. Inno ba ta yi ba. Ta juya ta shiga gida tana lalube, muka ji ƙarar moɗa a cikin randa. Ta dawo da ita cike, ta wuce mu, ta durƙusa a bakin ƙofa daidai inda ta ɗebi sawun, ta tsiyaye ruwan a hankali. Ƙasar ta shanye shi nan take. Ta ce, "Sha, ɗana. Allah shi jiƙan ka."

Ta hana Agali tafiya sai ya sha ruwa da mu. Da aka kira magariba ita da kanta ta miƙa masa moɗa, ta sa aka ajiye masa akushin nan. Ya sha, ya sauke moɗar, ya tsaya yana sauraren jikinsa. Sannan ya ce, "Alhamdu lillahi. Ta tahi." Washegari mutane suka cika gidan, aka yi zaman makokin mutuwar da ta girmi Kulu.

Ruwa bai dawo ba sai a goman ƙarshe. Ya zo da ƙarfi har ya rusa mana katangar baya, amma geron tudu ya riga ya tafi. Na kwari ne ya farfaɗo, sai wake da ya rufa mana asiri a shekarar.

Bayan salla saƙo ya shigo wayata ina gona: an ɗauke ni. Na zauna a gindin gawo na rasa murna zan yi ko me. Da wane baki zan je wa tsohuwar da aka kawo wa zoben ɗanta in ce ni ma hanya nake so? Na yanke a raina cewa in ta ce a'a, shi ke nan, ba zan ƙara roƙo ba. Na kwana biyu ina kewaye-kewaye. A na uku ta kira ni.

"Tahiyakka ta canza, mijina. An ɗauke ka ko?"

"An ɗauke ni, Inno. Amma in ba ki so..."

"Wanda za su ba ni ɗin, har yanzu bai koyi noma ba?"

Na kasa dariya. Ta lalubo kaina ta dafa. "Da ba ni san inda guda yake ba, shi as sa nir riƙe ka. Yanzu na sani. Tahi."

Ranar tafiyata an kwana ana ruwa, ƙasar ƙofar gida ta yi laushi. Na yi sallama da kowa, na ɗauki jakata. Da na zo bakin ƙofa sai na tsinci kaina ina tuɓe takalmi, sabo ne, nawa na kaina. Ni da na cika gari da cewa camfi ne, na taka ƙasar nan da tafin ƙafata, na danna sosai har yatsuna suka fito ɗaya-ɗaya. Tsoro nake ji, gaskiyar magana ke nan. Na ce, "Inno, ga shi. Wanga nawa na, ba na kowa ba. Ɗiba."

Ta fito tana dafa bango. Ba tsumma a hannunta, tsintsiya ce. Ta durƙusa ta laluba har ta sami sawun, ta shafa shi sau ɗaya, sannan ta share shi tas.

"Ba ni kiranka," ta ce. "Wanda anka kira dole shi zo, da rai ko ba rai. Na gani da kunnena. Kai ka dawo don kanka, da ƙahwahunka, in ji tahiyar agwagwa cikin zaure."

Na tafi, na ga abin da na je gani, na dawo. Ina sa ƙafa a zaure, kafin in yi sallama, na ji ta daga ɗaki tana cewa, "Ku ba agwagwa ruwa." Ta ƙara damina biyu a duniya. Ƙullin tsumman nan kuwa yana ƙarƙashin randa har yanzu. Ba wanda ya ce a bar shi, ba kuma wanda ya taɓa sa hannu ya cire.

Duk wannan ya wuce mini a ido Kulu tana tsaye tana jira. Ta gaji ta ce, "Yaya, takalmi fa nit tambaye ka."

Na ce, "Wanne na naki?"

Ta nuna marar kyan. Ɗayan na ƙawarta ne ta aro.

"Sa naki."

Yau da sassafe ta tafi. Na raka ta bakin ƙofa na tsaya har ta sha kwana. Ga sawunta nan a ƙasar da ta koma gari, ƙanana, a jere, sun nufi tasha. Ban san lokacin da na durƙusa ba. Hannuna ya kai har ya taɓa ƙasar, ta yi ɗumi tun da safe. Na daɗe a haka. Sannan na miƙe na ɗauko tsintsiya a zaure na share.

Da na juya zan koma ciki sai na ga nawa sawun, na fitowa. Yanzu na kai shekarun da Baba yake da su lokacin da ya tafi, kuma ban san tun yaushe ƙafata ta hagu ta fara jefuwa waje ba. Na ratsa zaure na shiga tsakar gida. Daga cikin ɗakinta Inna ta daina jan carbi.

"Wa na?"

"Ni na, Inna. Attahiru."

Na ji ta ci gaba da jan carbinta.

"To," ta ce. "Duba mani randa, in ruwan ya yi ƙasa a ƙara."